In wuta ta kama rumbun harsasai, ina maƙwabta za su dosa?

Sanarwar da ma'aikatar tsaron ƙasa ta fitar bayan harin da aka kai sansanin sojan sama na 101, wanda ke manne da filin jirgin Diori Hamani a nan Yamai, a daren Laraba 28 wayewar Alhamis 29 ga Janairun 2026, ta ƙunshi abubuwa da dama. Ta ce sojoji huɗu sun ji rauni, an kashe mahara 20, an kama 11. Waɗannan alƙaluma su jama'a suka riƙe, a kansu aka yi ta gardama a fada da bakin kasuwa, sai kuma batun wa ya turo maharan. Amma cikin sanarwar akwai wata ƴar gajerar magana da mutane da yawa suka tsallake: an ce wani tarin harsasai ya kama wuta.

A ganina wannan ƴar maganar ita ta fi shafar talakan da ke kwana kusa da katangar soja, ko a Yamai, ko a Tawa, ko a Damagaram, ko a Difa. Mahari yakan zo ne dare ɗaya. Rumbun harsashi kuwa yana nan dare da rana, rani da damina, kuma ba sai an kawo hari yake kama wuta ba. 

In ka saurari hirar mutane kan wannan batu, kashi biyu za ka ji. Wasu na cewa harsashi in ya shiga wuta tashi yake kamar an harba shi, ya kashe mutum a ƙarshen gari. Wasu kuma na cewa ai ƙarfe ne, me wuta za ta yi masa? Kowane ɓangare ya kama wani yanki na gaskiya ya saki sauran, domin abin da muke haɗawa mu kira "harsashi" ba abu ɗaya ba ne. Tsakanin wanda maharbi ke ajiyewa a jaka da wanda soja ke jibgewa a rumbu akwai tazara kamar ta ashana da tankar mai.

Ƙaramin harsashi cikin wuta

Mu fara da ƙaramin, irin na Kalashnikov ko na bindigar farauta. Abu huɗu ne a jikinsa: kwanso, garin albarushin da ke cikin kwanson, ƴar hular gindi da ake bugawa ta ba da tartsatsi, sai kan harsashin, wanda shi ne ke tafiya ya yi kisa. Ƙarfin harsashi ba daga jikinsa kaɗai yake fitowa ba, bututun bindiga ne ke ba shi. In aka ja kunama albarushi ya kama, iskar da ta taso ba ta da mafita sai gaba, saboda ƙarfen bindiga ya matse kwanson ta kowane gefe. Shi ya sa kan harsashin Kalashnikov, wanda nauyinsa bai wuce giram 8 ba, yake fita da gudun wajen mita 700 a daƙiƙa guda.

To cire shi daga bindiga ka jefa a wuta. In zafi ya kai masa albarushin zai kama, amma babu bututun da zai tattara ƙarfin wuri ɗaya. Kwanson ne ke tsagewa, iska ta fice ta gefe, kan harsashin ya ɗan yi tsalle ya faɗi nan kusa. Sau da yawa ma kwanson, da yake ya fi rashin nauyi, shi ya fi yin nisa. Kamar gugguru ne a kasko, ƙara da yawa, tsalle kaɗan.

An gwada wannan. A Amurka ƙungiyar kamfanonin ƙera bindigogi da harsasai da ake kira SAAMI ta yi wa ƴan kwana-kwana wani fim a 2012, inda aka yi amfani da harsasai fiye da 400,000. An ƙona su a kwali, an ƙona su cikin mota, an taka su da katafila, an jeho su daga sama. Ba su tashi gaba ɗaya kamar bam ba. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa fashewa, kuma ɗan kwana-kwana da ke sanye da kayan aikinsa ya iya tsayawa ya kashe wutar. Wani zai ce ai mai kaya ne ke yabon kayansa. Haka ne, amma rabe-raben Majalisar Ɗinkin Duniya ma sun sa irin wannan harsashi a aji mafi ƙarancin haɗari. Sai dai a tuna, shi ɗan pompiye yana da hular kwano, da gilashin fuska, da riga mai kauri. Kai da ka fito da ƴar shara da bokiti ba ka da ko ɗaya, kuma ɓarɓashin kwanso kamar ƙwayar gero ya isa ya tsiyaye ido.

Inda maganar ke juyawa shi ne bindigar da aka ɗura aka rataye a bango, ko aka tura ƙarƙashin katifa. Wannan harsashin yana cikin bututunsa. In wuta ta gasa bindigar zai tashi da cikakken ƙarfinsa, daidai da an ja kunama, ya nufi duk inda bakinta ke kallo. Zana ba ta tare shi, ƙofar kwano ba ta tare shi. Ku dubi yadda muke kashe gobara a ƙauye: maza su jeru daga rijiya zuwa bakin ɗaki, bokiti na bin hannu, mata da yara na tsaye a gefe. Mai ɗakin ya san abin da ya rataye a ciki, amma kunya ko tsoron hukuma ya hana shi faɗa. Wallahi wannan shirun ya fi wutar haɗari. Duk wanda ɗakinsa ke ci, in ya san da bindiga ko albarushi a ciki, haƙƙin maƙwabta ne ya ɗaga murya tun kafin a matso.

Albarushin maharba da na ƴan bindigar hawan Sallah kuma halinsa daban. Shi ba ya jiran zafi ya kai wani mataki, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Kuma mun san inda ake ajiye shi: a gwangwani, ko kwalba, ko ƙaho, a soke cikin jinka don kada yara su kai hannu. Wato an ɓoye shi a wurin da wuta ke fara ci. In a buɗe yake, walƙiya zai yi ya ƙone fuska da hannu. In cikin ƙarfen da aka toshe tam yake, ƙarfen ne zai tarwatse ya zama makami.

Sai na uku, wanda ya shigo ƙauyukanmu tun da zinariya ta buɗe a Jado da Cibarakatan, ban da tsohon wurin Komabangu: nakiyar fasa dutse. Samari na dawowa da ita ko su ajiye wa wani kafin tafiya. Ranar 21 ga Fabrairun 2022, a wani wurin haƙar zinariya kusa da Gbomblora, kudu maso yammacin Burkina Faso, ajiyar nakiya ta tashi ta kashe mutum wajen 60. A Ibadan ta Najeriya, ranar 16 ga Janairun 2024, a unguwar masu hali ta Bodija, gidaje suka rushe, mutum 5 suka mutu, 77 suka ji rauni. Gwamnan jihar, Seyi Makinde, ya ce masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba ne suka ajiye nakiya a wani gida. Maƙwabtansu na ganin gida ne kamar kowane.

Rumbun soja

Duk abin da muka faɗa a sama wasan yara ne in aka gwada da rumbun soja. Can ba harsashin bindigar hannu kaɗai ake tarawa ba. Akwai gurneti, da harsashin igwa, da roka, da nakiyar binnewa, da bama-baman jirgi. Waɗannan ba sa bukatar bututu, abin fashewar yana cikin cikinsu.

Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2011 kan ajiyar harsasai sun bi rabe-raben da ke nuna yadda kowane iri ke yi in wuta ta same shi, kuma kowane aji da alamarsa mai ruwan lemo da ake liƙawa a ƙofar rumbu domin masu kashe gobara. Mai lamba 1 cikin allo mai kusurwa takwas na nufin kayan ciki za su iya tashi gaba ɗaya, lokaci guda. Mai lamba 2 cikin alamar gicciye na nufin za su riƙa fashewa suna watsa ƙarafa nesa. Lamba 3 wuta ce mai tsananin zafi, lamba 4 kuma irin ƙananan harsasan nan ne. Abin da zai ba ku mamaki, ga aji na 1 da na 2, in har wuta ta riga ta kai ga kayan, abin da ake koya wa ƴan kwana-kwana shi ne su ja da baya su kwashe mutane. Ba a kashe irin wannan wuta, jiranta ake ta gama. To in wanda aka horar, mai mota da tiyo, an ce ya gudu, ina ga mai bokiti?

Maƙwabtanmu na Cadi sun ga wannan da idonsu. Daren Talata 18 ga Yunin 2024, ƴan kwanaki bayan Layya, wuta ta kama babban rumbun makaman soja da ke unguwar Guji a Injamena, dab da filin jirgin sama. Sama ta yi ja, harsasan igwa suka riƙa tashi suna faɗawa cikin gidajen mutane. Hukumomin ƙasar sun ce mutum 9 sun mutu, 46 sun ji rauni. Ku lura da kamannin: babban birni a Sahel, rumbu kusa da filin jirgi, unguwannin talakawa kewaye da shi. Ba na cewa abin da ya ci a Yamai ya kai na Injamena girma. Allah ya taƙaita namu, sanarwar gwamnati ba ta ambaci wata unguwa da ta rushe ba. Ina cewa ne darasin a ƙofar gidanmu yake.

Kuma Injamena ma da sauƙi. A Barazabil, ranar Lahadi 4 ga Maris 2012, rumbun barikin Mpila ya tashi da safe, ya kashe mutum kusan 300, ya raunata sama da 2,000, har gilasai suka farfashe a Kinshasa, ƙetaren kogin Kwango. Gwamnati ta ce wayar kuran ce ta haɗu. A Bata ta Ikwatoriyal Gini, ranar Lahadi 7 ga Maris 2021, mutum 107 suka mutu. Shugaba Obiang Nguema ya ɗora laifin kan sakacin masu tsaron kayan da kuma wutar da manoma suka sa a gonakin da ke kusa da barikin. Wutar sharar gona fa, irin wadda muke sawa kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Cibiyar Small Arms Survey ta Janeba, wadda ke bin diddigin irin wannan, ta lissafa fashewar rumbunan makamai fiye da 600 a ƙasashe sama da 100 tun daga 1979. Hari na cikin dalilan, amma ba shi ne kan gaba ba. Tsufan kaya, rashin kyawun ajiya, kuskure wajen ɗauka da saukewa, da wutar da ke shigowa daga waje, su suka fi yawa.

Zafi, abokin gaban da ba ya harbi

Nan ne ya kamata mu ɗan daɗe, domin nan ne ƙasarmu ta fi rauni. Garin da ke tura roka da harsashin igwa na zamani ba kamar gishiri yake ba da zai shekara ɗari yana nan yadda yake. Tun ranar da aka ƙera shi yake ruɓewa a hankali, yana fitar da wani tururi mai ƙara hanzarta ruɓewar. Shi ya sa masu ƙera shi ke zuba masa wani sinadari mai shanye wannan tururi. Sinadarin kuwa ƙarewa yake. Ranar da ya ƙare, garin na iya ɗumama kansa da kansa har ya kama, ba ashana, ba tartsatsi, ba maƙiyi. Manomi ya san kwatankwacin wannan: tarin taki ko ɗanyar harawa da aka danne, sa hannu cikinta ka ji zafi.

Abin da ke cinye sinadarin da sauri shi ne zafi. Masana na cewa duk ƙarin digiri 10 na ninka saurin ruɓewar sau biyu ko fiye. Kayan da aka ƙera da lissafin sanyin Turai ko Rasha ko Sin, aka ce za su yi shekara ashirin, ba za su yi ashirin ba a inda ma'auni ke wuce digiri 40 kullum a watan Afrilu da Mayu, wata rana ya taɓa 45. Wannan kuma a inuwa ke nan. Duk wanda ya taɓa shiga shagon kwantena a Katako da azahar ya san cikin ƙarfe ya fi waje nesa ba kusa ba. Kwantena kuwa ita ce rumbun gaggawa na kowace rundunar da ke yaƙi, domin ita ce mai sauƙin ɗauka da ajiyewa.

Ba labarin littafi ba ne. A Maputo ta Mozambik, ranar 22 ga Maris 2007, tsofaffin makamai suka tashi a rumbun Malhazine, mutum sama da 100 suka mutu, hukuma ta ce zafi ne. Kusa da mu kuma, a daren 30 ga Afrilun 2025, mutanen Maiduguri sun kwana cikin firgici da ƙarar fashe-fashe daga barikin Giwa, kowa na zaton Boko Haram ce ta shigo. Da gari ya waye rundunar sojan Najeriya ta ce harsasai ne suka tashi a rumbu saboda tsananin zafi. Maiduguri da Difa rana ɗaya ke gasa su.

Maganin wannan sananne ne, kuma ba duka ne mai tsada ba: rumfa a kan kwantena, iska ta riƙa ratsawa, a rufe rumbu da ƙasa, a share ciyawa kewaye da shi, a raba kaya aji-aji kada a haɗa mai tashi gaba ɗaya da mai kama wuta da wuri, a riƙa gwada tsohon gari, wanda ya tsufa a fita da shi daji a lalata. Na ƙarshen nan shi ya fi wuya, domin babu kwamandan da ke son ya ƙona harsashi ana tsakiyar yaƙi. Amma harsashin da ya ruɓe ba dukiya ba ne, bashi ne. Kuma kuɗin sayensa daga aljihun jama'a ya fito, har da gudummawar da ƴan ƙasa na gida da na waje ke zubawa a asusun ceton ƙasa na FSSP tun Oktoban 2023. Rumbun da ya ƙone asara biyu ce: sojan da ke Tilaberi ya rasa abin harbi, talakan da ke bayan katanga ya rasa rufin ɗaki.

Gari ya cim ma bariki

Duk dabarar da aka yi, ba a taɓa kawar da haɗarin gaba ɗaya. Shi ya sa ƙa'idojin nan suka dogara da abu ɗaya da ba ya lalacewa, wato tazara. Akwai lissafinta. In abin fashewar da ke cikin kayan, ban da nauyin ƙarfe da akwati, ya kai tan 10 na ajin nan mai tashi gaba ɗaya, gidan mutane mafi kusa ya kamata ya kasance a wajen mita 480. In tan 50 ne, sama da mita 800. In tan 100 ne, ya ɗara kilomita ɗaya. Manyan gine-gine masu rauni ko masu tara jama'a kuma ana ninka musu tazarar sau biyu. Wannan lissafin bugun iska ne kawai. Roka mai faɗin milimita 122, wadda aka ƙera ta yi tafiyar kilomita 20, in wuta ta kunna ta ba ta san lissafi ba.

Yanzu ku ɗora wannan a kan Yamai. Lokacin samun ƴancin kai a 1960 mutanen garin ba su kai 40,000 ba. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan ɗaya, yau kuma kowa na ganin inda gini ya kai. Barikokin da aka kafa a bayan gari yanzu gari ya zagaye su. Filin jirgin da a da sai an ratsa gonaki kafin a kai gare shi, yau unguwa ce guda mai sunansa, da kasuwa, da lakkwal, da masallatai. Ba soja ne ya taso ya tarar da mutane ba, mutane ne suka tarar da soja, kuma ba da ƙarfi suka zauna ba: an yanka filaye, an sayar, an buga hatimi. Laifin, in za a raba shi, masu yanka filaye da masu sa hannu na da babban kaso.

Na san abin da za a ce: sirrin soja ne, ƙasa na cikin yaƙi, ba a tallan inda makamai suke. Gaskiya ne, kuma ba wanda ke da hankali da zai nemi a gaya masa adadin akwatuna ko ɗakin da suke. Amma mutanen unguwa sun riga sun san inda katanga take. Abin da suke bukata ba sirri ba ne. A ja layi a ce daga nan ba a gini. A gaya wa mai unguwa da limami da daraktan lakkwal hanyar da za a bi da filin da za a taru in abu ya faru. A shirya saƙon da gidajen rediyo za su karanta da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek cikin minti goma na farko. Manyan kaya masu tashi gaba ɗaya kuma, sannu a hankali, a fitar da su inda babu maƙwabci. Fili dai ba shi muka rasa ba a Nijar. Muna da hukumar CNCCAI mai tattara haramtattun makamai tun 1994, wadda ta san aikin wayar da kai a ƙauyuka. Ita ma ya dace a buɗe mata ƙofa sarai, yadda mutumin da ya gaji tsohon gurneti ko aka bar masa ajiyar nakiya zai iya bi ta hannun maigari ya miƙa, ba tare da fargabar kwana a kaso ba. Muddin tsoron miƙawa ya fi tsoron ajiyewa, kayan na nan cikin jinka.

Gudu, kallo da tsince-tsince

Mafi munin irin wannan masifa a yankinmu ita ce ta barikin Ikeja a Legas, ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002. Mutum fiye da 1,000 suka mutu, cikinsu yara da yawa. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, akasarinsu ba bam ne ya kashe su ba. Mutane sun ji ƙara, ba wanda ya gaya musu mene ne, wasu na cewa juyin mulki, wasu na cewa yaƙi. Aka ruga cikin duhu, na baya na tura na gaba, aka auka cikin magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta lulluɓe har ta yi kama da fili. Da a ce cikin rabin sa'ar farko wata murya da aka yarda da ita ta fito ta ce rumbu ne ke ci, ku bi hanya kaza, ku nisanci ruwa, da lissafin ya bambanta. Mu ma muna da kogin Isa, da fadamun shinkafa ta wajen Saga, da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. Wanda bai tsara hanyarsa da rana ba, da dare ƙafarsa ce za ta zaɓa masa.

Namu halin kuma, a faɗi gaskiya, ya fi karkata ga matsowa. Ba mu manta da daren 5 wayewar 6 ga Mayun 2019 ba, lokacin da tankar mai ta kife kusa da wannan filin jirgi, mutane suka taru da jarkoki, wuta ta tashi. Mutum 58 aka fara ƙirgawa, daga baya adadin ya wuce 70. Allah shi jiƙan su. Yanzu kuma an ƙara da waya: kowa na so ya ɗauki hoton wuta ya tura. Ƴan uwa da ke Kwatano, Akara, Abijan, Libiya da Turai, ku ma da hannunku a nan. In kun ji abu ya tashi, kada ku ce wa ƙaninku ya leƙa ya ɗauko muku bidiyo. Ku ce masa ya kwashi tsofaffi da yara ya yi nesa. Kuma kada ku tura muryar da ba ku san mai ita ba. A daren firgici, saƙo ɗaya na ƙarya na iya juya unguwa guda zuwa inda bai kamata ba.

Ga mai jin ƙara daga gida, akwai ɗan lissafi mai amfani. Haske na riga ƙara isowa, ƙara kuma na cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. In ka ga walƙiya, ƙirga har ka ji rugugi: uku, kilomita ɗaya ke nan, shida, biyu. Kuma cikin waɗannan daƙiƙu kada a tsaya bakin taga, domin bugun iskar tare da ƙarar yake zuwa, gilashi kuma fuska yake nema. In wuta ce kawai ake hange ba a fara fashewa ba, a tafi, a ba ta baya, da ƙafa in hanya ta cushe. In kuwa ƙarafa sun riga sun fara faɗowa, fili ba wurin tsayawa ba ne, rumfar kwano ma haka. A samu katanga mai kauri a sa ta tsakani, a kwanta ƙasa. In an ji shiru kada a ce ta ƙare. Irin wannan wuta takan huta ta sake, wani lokaci bayan sa'o'i. Lambar pompiye 18 ce, ta ƴan sanda 17.

Bayan wuta ta mutu sai haɗari na biyu ya fara, wanda kan ɗauki watanni. Ba duk abin da rumbu ya watso ne ke fashewa ba. Wasu na faɗawa cikin gona, kan rufi, cikin kwata, su kwanta shiru. Wanda ya sha wuta ya sha faɗuwa ya fi sabo saurin tashi, taɓawa kaɗan ta ishe shi. Masu tsintarsa kuwa mun san su: yara, da ƴan gwangwan masu saye a kilo, da maƙerin da zai sa guduma ya cire tagulla. Duk ƙarfen da ba a san shi ba, mai kama da kwalba, ko mai fiffike a gindi, ko mai kan tsini, ba a ɗaga shi, ba a jifansa da dutse, ba a zuba masa ruwa, ba a jefa shi masai ko rijiya. A kewaye wurin da ƙaya daga nesa, a sa babba ya tsare hanya, a kira jandarma ko a gaya wa maigari. Wannan magana ta shafi makiyaya da manoman Tilaberi, Tawa da Difa ko da babu rumbu kusa da su, domin inda aka yi artabu ana barin irin waɗannan.

Saura masu aiko kuɗi a saya musu fili a Yamai ko a manyan garuruwan jihohi. Yawanci tambaya uku kuke yi: nawa ne, takarda ta cika, ruwa na kwanciya? Ku ƙara ta huɗu: waccan doguwar katangar ta wa ce? In aka ce ta soja ce, a sa wanda aka amince da shi ya taka daga bakin filin zuwa inda doka ta yarda a tsaya, yana ƙirgawa. Mita 500 taku ne kamar 700 na babban mutum. In filin ya yi araha fiye da na maƙwabtan unguwa, a tambayi dillali dalili kafin a tura kuɗin.